Daminar da Na Auna Ruwan Gidan Mijina

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin koyon malanta, ranar da aka liƙa jerin batutuwan bincike a allon sashenmu ba na nan. 'Yata ce ta kwana biyu da zazzaɓi, ina asibiti da ita. Da na dawo ranar Litinin na tarar kowa ya zaɓi nasa. Yawancinsu sun ɗauki irin wanda za a buga tambayoyi a takarda a raba wa ɗalibai su cike, a tattara a rubuta. Guda ɗaya ne ya rage babu suna a gabansa: a auna tsamin ruwan sama a Daura da kewayenta tsawon damina guda.

Malamin da ya kawo batun dattijo ne mutumin Dutsi, mai koyar da ilimin sinadarai, ba ya son yawan magana. Na same shi a ofis yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"Kin san abin da ake nufi da ruwan sama mai asid?" ya tambaye ni.

"Mun karanta, Malam. Hayaƙin masana'antu ne yake hawa sama ya gauraya da hadari, sai ruwan ya sauko da tsami, ya ƙone ganye, ya ci kwanon rufi."

"A ina?"

"A ƙasashen Turai."

"To, a nan fa?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Shekara uku ke nan ina sa batun a allo, babu wanda ya taɓa shi, don aiki ne na jiran ruwa, ba a gama shi a mako biyu. In za ki iya, ki ce za ki iya. In ba za ki iya ba, ki faɗa mini yau."

Na ce zan iya. Gaskiya ba don na yarda da kaina na faɗa ba, don dai babu wani batun ne.

Ya nuna mini na'urar awon, wata ƙaramar aba mai tsinke da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba. Bakwai ita ce tsakiya, in lambar ta sauka tsami ne, in ta hau ɓangaren kanwa ne. Ya ce ruwan sama ko mai tsabta ne yana da ɗan tsaminsa na halitta wanda harshe ba ya ji, abin da muke nema shi ne ko namu ya wuce wannan. Ya ce in samo wuri uku: cikin gari, makaranta, da ƙauye.

Na ƙauyen bai ba ni wahala ba. Iyayena manoma ne a wani ƙauye bayan Baure, mijina kuma direban motar haya ne a wannan hanyar, kullum yana bi ta bakin ƙauyen. Na cikin gari kuwa sai na ce gidanmu.

Gidan mijina gidan mahauta ne. Mahaifinsa, wanda duk gidan muke kira Baba, sana'arsa babbaka: kawunan shanu, ƙafafu, ganda, shi yake ƙone gashinsu ya kankare ya wanke, masu abinci su zo su ɗauka. Yana da rumfa a wani fili bayan kwata, tafiyar minti biyar daga gidanmu. Da can da itace da kara suke yi, da itace ya yi wuya sai suka koma tsofaffin tayoyin mota. Shekara huɗu ina gidan a lokacin, na saba da baƙin hayaƙin da ke tashi da hantsi har na daina ganinsa. Abin da kawai na sani, in iska ta juyo wajenmu ba a shanya fararen kaya. Ban taɓa haɗa wannan da binciken da na ɗauko ba.

Ruwan farko ya sauka, na fito da sabon bokiti na tara a ƙarƙashin indararo kamar yadda kowace mace take yi. Na aika wa mahaifiyata ita ma ta yi haka. Sati uku ina cika kwalabe ina jerawa, na kai wa Malam guda tara a cikin kwali, ina jin na yi ƙoƙari. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga.

"Ina kika tara wannan?"

"A indararo, Malam."

Ya ɗauki kwalin ya fita baranda, ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a gindin wata bishiyar dalbejiya. Ina tsaye ina kallo.

"Wannan wankin kwano ne," in ji shi. "Akwai tsatsa, akwai kashin ƙadangare, akwai ƙasar rani gaba ɗaya. Ruwan da bai taɓa komai ba nake so, daga sama zuwa kwalba. Kuma ba a ajiye shi sati uku. Laifina ne da ban zauna na yi miki bayani ba, amma ke ma ba ki tambaya ba."

Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga masallacin mata na makaranta. Da na gama na wanke fuska, na koma ofishinsa da littafi da biro, na ce ya faɗa mini komai daga farko. Ya faɗa, na rubuta. Sanda mai tsawon mutum a fili, nesa da bango da bishiya. Mazurarin roba a bakin kwalba. A wanke su da tataccen ruwa, irin wanda masu cajin batir suke sayarwa, amma in tabbata ba mai asid ɗin aka ba ni ba. Kada a buɗe mazurarin sai hadari ya haɗu. Ruwa na ɗaukewa a rufe kwalbar, a rubuta rana, a kawo a auna kafin kwana biyu. Bayan awo a tace ruwan a farar takardar tacewa, a shanya ta, a adana.

Mijina ya kafa mini sanda ɗaya a tsakar gida, ya kafa ɗaya a bayan rumbun mahaifina, ni kuma na kafa ta makaranta a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Mahaifina bai yi boko ba, da ajami yake rubuta ranar a jikin kwalba, ya ƙara da bayanin da ban nema ba: wannan da iska ya zo, wannan yayyafi ne, wannan ya cika kududdufi. Daga baya bayanin nan ya yi mini amfani fiye da yadda na zata.

A gida matsalata ta farko uwar mijina ce, Inna. Wata rana hadari ya taso na fito da gudu, na tarar kwalba a kan sanda babu mazurari. Na same shi a ɗakin girki, Inna ta ɗura man gyaɗa da shi.

"Na ga yana zaune a rana ba ya aikin komai," in ji ta.

Ruwan ranar ya wuce ni. Ban iya yi mata magana ba, ba a yi wa uwar miji ƙorafi a kan mazurari. Sai na jiƙa zoɓo a ruwan zafi, na zuba jan ruwan a kofuna uku na gilashi, na kai gabanta lokacin da take tsinke zogale. Na matsa lemon tsami a na farko, ya ƙara ja ya yi haske. Na ɗiga ruwan kanwa a na biyu, ya juye ya yi duhu kamar kore. Na uku na bar shi yadda yake.

"Inna, kun ga yadda ɗigo kaɗan ya canja shi? Na'urar makaranta ta fi zoɓo ji. In mai ko gishiri ya taɓa mazurarin nan, shi za ta faɗa mini, ba ruwan sama ba."

Ta ɗauki kofin kanwar ta juya shi a hannu. "To me kike nema a ruwan Allah?"

"Ina so in san ko abin da muke turawa sama yana dawo mana a cikinsa."

Ta ajiye kofin ta koma kan zogalenta. Amma daga ranar ita ta zama mai gadin sandar. In ina makaranta hadari ya haɗu, ita take wanke hannu ta cire ledar da nake rufe mazurarin da ita. Akuyar gidan ma ta sha jifa a kan sandar nan.

Wata na farko sakamakon ya kashe mini jiki. Duk wuraren uku babu tsami. Wasu kwalaben ma lambar sama take yi, ta nufi ɓangaren kanwa. Malam ya ce ruwan farkon damina yana wanko ƙasar da ke yawo a sama, ƙasarmu kuwa tana kashe tsami kamar yadda kanwa take kashe tsamin yakuwa a miya. Shi abin ya burge shi. Ni kuwa tunanina shi ne yadda zan tsaya gaban malamai in ce na yi binciken ruwan asid ban samu asid ba.

Wata abokiyar karatuna da ta riga ta gama nata ta duba littafina ta ce, "Ki ɗan rage lambobin mana. Wa zai je ya sake tara ruwan da ya riga ya sauka?"

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin maganarta kwana biyu. Abin da ya hana ni ba wani babban abu ba ne. Na tuna mahaifina da shekarunsa yana fitowa cikin yayyafi ya rufe kwalba, ya zauna ya rubuta mini yadda ruwan ya zo. In na canja lamba, wahalarsa ta zama ta banza. Na ci gaba da rubuta abin da na'ura ta nuna.

Da damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe, sai abubuwa suka fara rabuwa. Na ƙauye ya sauko ya tsaya inda ruwan sama mai tsabta yake tsayawa. Na makaranta kusan haka. Na gidanmu kuwa wata rana daidai yake da su, wata rana ya sauka ƙasa da su a fili. Takardun tacewar ne suka fara ba ni tsoro. Ina manna su a wani littafi, kowace rana layi ɗaya, uku a jere. Na ƙauye farare ne, wani lokaci da ɗan ja-ja na ƙasa. Na gidanmu toka-toka, wasu da baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa gawayi.

Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar daminar. Ranar layya da kashegarinta duk unguwa da maƙwabta rumfar Baba ake kawo kawuna da ƙafafu. Wuta ba ta mutu ba daga hantsi har la'asar, tayoyi ake ta jefawa. A rana ta biyu da yamma ruwa ya sauko, ba mai yawa ba, wanda bai fi ya jiƙa ƙasa ba. Makaranta na hutu, amma Malam ya tafi da na'urar gidansa saboda ni. Da safe mijina ya kai ni, na zauna a zaure Malam ya tsoma tsinken a ruwan gidanmu. Ya cire ya wanke ya sake tsomawa. Lambar da ta fito ita ce mafi ƙasa da na taɓa rubutawa. Da muka tace, takardar ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ƙauye da aka tara a yammacin ranar fari ne tas.

"Mene ne a kusa da gidanku?" Malam ya tambaya.

Mijina na tsaye a bakin zaure yana ji. Na ce, "Akwai inda ake babbaka."

"Da me?"

"Da taya."

Muka kama hanya ni da mijina har muka kusa gida. Ya tsaya a gefen hanya ya kashe mota.

"Wannan abin da za ki rubuta, wa zai karanta?"

"Malamai. Sai a ajiye a ɗakin karatu."

"In wani ma'aikacin lafiya ya gani fa? Su zo su ce a tashi rumfar? Da sana'ar nan Baba ya aurar da mu duka. Da ita aka biya miki rajista shekarar da motata ta lalace."

"Na sani."

"To ki cire na gidanmu. Ki bar na ƙauye da na makaranta."

"In na cire, babu abin da ya rage sai rabin gaskiya. Kuma ruwan nan Inna tana tara shi a randa. 'Yarka tana sha."

"Ni dai ba zan je in gaya wa mahaifina matata ta ce hayaƙinsa guba ne ba," in ji shi, ya tayar da mota.

Kwana uku muna gaisawa kawai. Amma bai daina kawo mini kwalaben ƙauye ba. Kullum zai shigo ya ajiye su a bakin ƙofar ɗaki ya wuce.

Na koma wajen Malam na gaya masa halin da nake ciki. Na zaci zai ce in jure in rubuta. Sai ya ce, "Har yanzu ba ki da hujjar cewa taya ce. A unguwarku akwai janareta, akwai motoci, akwai masu ƙona shara. Kwalba ɗaya ba ta isa a ɗora wa mutum laifi. In kina so ki sani, sai kin kafa sanda ta huɗu a wajen babbakar, kuma ki san ranar da aka hura wuta da ranar da ba a hura ba. In ba ki samu haka ba, ki rubuta abin da kika gani, ki ce ba ki san dalili ba."

Wato sai na nemi izinin Baba. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ba. In zai shigo ya yi gyaran murya, in shige ɗaki. In na kai masa abinci in durƙusa daga nesa in ajiye in tashi. Na yi ta juya yadda zan fara, na rasa. Ƙarshe na kai wa Inna littafin takardun tacewar, na buɗe mata shafin Sallah, na ce wannan na ƙauyenmu ne, wannan na makaranta, wannan na tsakar gidan nan.

Ta sa yatsa ta shafa baƙar, ta duba yatsan. "Wannan a cikin ruwan yake?"

"A ciki yake, Inna."

Ta rufe littafin ta riƙe. "Bar shi a wajena."

Kashegari bayan la'asar ta leƙo ɗakina ta ce Baba na kira. Na sa mayafi na fito. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar turakarsa, littafin a buɗe a gabansa. Na durƙusa can gefe kusa da turmi, Inna ta zauna a tsakaninmu.

"Sannunku da hutawa, Baba."

"Yauwa. An ce kina da magana."

Na fara, na faɗi duka. Na ce ban tabbata hayaƙin rumfa ne ba, shi ya sa nake so in auna a can. Na ce ba zan rubuta sunan kowa ko sunan unguwa ba. Na ce in awo ya nuna ba shi ba ne, haka zan rubuta, in kuma ya nuna shi ne, haka zan rubuta.

Ya yi tari, irin tarin da yake yi kowace safiya wanda muke ji daga ɗakunanmu. Ya ce, "Ba sai kin auna za ki gaya mini hayaƙin taya mugu ne ba. Ni nake tsaye a cikinsa. In na kaki majina baƙa take fitowa. Abin da ban sani ba shi ne yana biyo ni gida ta sama." Ya juya shafi ɗaya, ya koma. "Yaya tsawon sandar?"

"Kamar tsayin mutum, Baba."

"Gobe a kai. Ni zan kafa, don in wani ya kafa yaran kwata za su tumɓuke."

Na yi godiya zan tashi, ya ce in dakata.

"In awonki ya ce ni ne, da me zan yi babbakar? Itacen da zai gama kai ɗaya ya cinye ribar kan. Malaminku ya gaya miki wannan?"

"Bai gaya mini ba, Baba. Ni ma ban sani ba."

"To ki haɗa da shi a cikin binciken."

Sati shida sandar ta yi a gefen rumfarsa, ta ɓangaren da iska ta fi kai hayaƙi. Shi yake buɗe mazurarin, shi yake rufe kwalbar, ya sa a leda don kada hannunsa ya taɓa bakinta. In ya dawo ya ba Inna, ya ce a gaya mini yau taya nawa aka ƙona, ko kuma yau ba a yi yanka da yawa ba. Ban taɓa kama shi ya rage ko ɗaya ba, alhali ya san abin da lissafin zai nuna. Mijina da ya ga mahaifinsa da kansa yana ɗauko kwalba, sai fushinsa ya rasa wurin zama. Wata safiya ya ce mini in ina da kwalba a makaranta zai iya biyawa ya ɗauko mini ta can ma.

Ba kullum abin yake fitowa yadda nake tsammani ba. Akwai ranar da aka ƙona taya da yawa, ruwa kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya, awo bai nuna komai ba, yawan ruwan ya shanye shi. A nan na gane amfanin bayanin mahaifina, na fara raba ranakun yayyafi da na ruwa mai ƙarfi. Akwai kuma kwalabe biyu na ƙauye da suka kwana uku a cikin mota a rana lokacin da ta lalace a hanya, dole na zubar. Amma da na jera na ranakun ƙaramin ruwa, abin ya fito: na rumfa ya fi kowanne tsami da baƙi, na gidanmu na bi masa, na makaranta da na ƙauye suna can inda suke.

Tambayar Baba ita ta fi ba ni wahala. Na gwada masa ƙaran dawa, ya ce yana ci da sauri kamar takarda. Na samo buntun shinkafa, ya yi hayaƙi ya ƙi kamawa. Malam ya ba ni labarin wani bututun wuta da ake haɗawa da tukunyar gas, ya ce ya ga ana babbaka da shi a wani gari. Na gaya wa Baba ta bakin Inna, ya ce ya ji. A rahotona na rubuta abin da na gwada da yadda kowanne ya ƙare, na ce ban samo amsar da mai sana'a zai iya ɗauka gobe ba.

Ranar da na tsaya gaban malamai uku don kare aikin, ɗaya daga cikinsu ya katse ni tun ban yi nisa ba.

"Malama, a taƙaice. Akwai ruwan asid a Daura ko babu?"

Na ce, "Irin wanda ke cikin littafi, mai rufe gari gaba ɗaya, ban same shi ba. A ƙauye da makaranta ruwan lafiya lau yake. A wuri ɗaya da ake ƙona taya, da gidan da ke kusa da shi, ruwan yakan yi tsami ya ɗauko baƙi, musamman in yayyafi ne. Wuri huɗu na auna, damina ɗaya. Abin da ya wuce haka ban sani ba."

Ya ce amsar ba ta da ƙarfi. Malamina ya tura masa littafin takardun tacewar ya ce ya buɗe. Suka yi ta miƙa wa juna. Makin da aka ba ni matsakaici ne, abokiyar karatuna mai takardun tambayoyi ta fi ni. Ya yi mini ciwo na ɗan lokaci.

A gida Inna ta daina zuba ruwan indararo a randar sha in an yi babbaka da yawa, sai dai wanki da shara. Baba bai bar taya a shekarar ba, bai bar ta a ta biye ba. Sai a ta uku, bayan tarin ya kwantar da shi sati biyu, shi da wasu mahauta biyu suka haɗu suka sayi bututun gas ɗin. Yana aiki da shi in yanka kaɗan ne. In Sallah ta zo ko gas ya yanke, har yau akwai tayoyi a jingine bayan rumfa.

Yanzu ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a yankin Sandamu. Babu na'urar awo a makarantar, takardar gwaji mai canja launi nake saya in yayyanka kowace gida biyu don ta kai mu ƙarshen damina. Kowace shekara nakan zaɓi ɗalibai shida daga garuruwa daban-daban, su tafi hutu da mazurari da kwalabe. Wasu sukan dawo da littafi cike, wasu da rabi. Wata ta taɓa dawowa da shafi goma masu lamba iri ɗaya da biro iri ɗaya, na zaunar da ita muka yi magana, ta amsa cewa a daren komowa makaranta ta cike su. Na ce ta ja layi a kansu ta rubuta a ƙasa cewa ba ta auna ba. Ta yi kuka, ta rubuta. Da damina ta zagayo ita ta fara zuwa ta ce in sake ba ta kaya, kuma a wannan karon tana so ta kafa sandarta kusa da inda ake ƙona sharar kasuwarsu. Na ce ta fara zuwa ta nemi izinin masu wurin, ta gaya musu abin da take nema, in sun yarda ta dawo ta karɓi kaya. Ranar Laraba ta dawo ta ce sun yarda, amma sun ce in ta gama ta zo ta karanta musu abin da ta samu.